Jan idon da ya ƙi tafiya

Sau huɗu cikin shekara guda idon ɗana na hagu yana yin jawur. Babu kwantsa, babu ƙaiƙayi, sai dai ya riƙa runtse shi idan ya fita rana. In ɗiga masa magani, ya lafa, bayan wata biyu ya dawo.

Da likitar ido ta haska da fitilarta, ta ce akwai kumburi can ciki. Sai ta jefo min tambayar da ban zata ba: "Maman yaro, yaya cikinsa? Yana yawan gudawa?"

Na yi shiru. Wandon makarantarsa na bara har ya yi masa yawa a ƙugu, ni kuwa ina ta faɗan ba ya cin abinci. Ga gyambon baki da ke zuwa yana tafiya.

Ashe cututtukan kumburin hanji, irin su Crohn, kan iya fara leƙowa ta ido, ko gaɓoɓi, ko fata, tun ciki bai tona asiri ba. An gwada bayan gidansa, alamar kumburi ta hau sosai. Ranar Talata za a duba hanjin da kyamara. Ku sa mu a addu'a.