Wasiƙa zuwa gida: finafinan da ke ba da dariya a inda ya kamata a yi kuka

Assalamu alaikum, 'yan'uwa da abokan arziki. Muna gaishe ku daga nan Faransa, da fatan kowa yana lafiya, iyali da makwabta duk ƙalau.

Maganar finafinai ce ta sa muka rubuto, amma ba irin camamar da ake faɗuwa a kwata ko a bi mutum da muciya ba. Akwai wani nau'i da za mu kira barkwanci mai ɗaci: fim ne da ke ɗaukar mutuwa, talauci, yaƙi ko zaluncin masu mulki, ya shirya labarin ta yadda za ka tuntsire da dariya, dariyar tana ƙarewa kuma ka ji gabanka ya faɗi. Bahaushe ba baƙon wannan ba ne. Wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo, ko ya ga yara na tashe da azumi suna kwaikwayon manya, ko ya ji maroƙi yana zambo, ya san ana faɗar gaskiya mai zafi cikin raha. Abu biyu ne ke sa irin wannan fim ya yi kyau. Na farko, 'yan wasan ba sa nuna sun san abin dariya suke yi, fuskarsu a ɗaure take kamar masu zaman makoki. Na biyu, wanda ake yi wa dariyar mai ƙarfi ne, ko tsarin da ya danne mutane, ba wanda aka danne ba. Idan fim ya rasa na biyun nan, mugunta ce kawai, kuma ba mu kawo muku irinsa ba.

Ku fara da Sanagal, don nan ne za ku ga kamar an ɗauki fim ɗin a bayan gidanku. Ousmane Sembène ya fitar da Mandabi a 1968, cikin harshen Wolof, tsawonsa kimanin awa ɗaya da rabi. Ibrahima Dieng magidanci ne a Dakar, mata biyu, 'ya'ya bakwai, ba aikin yi. Ɗan 'yar'uwarsa da ke sharar titi a Paris ya aiko masa da takardar karɓar kuɗi ta gidan waya, sefa 25,000. Yawancin kuɗin ma ajiya ce ta yaron, wani kaso na mahaifiyarsa, na Dieng shi ne mafi ƙanƙanta. Tun kafin ya ga ko sisi, matansa sun ci bashin shinkafa a kanti, labari ya zaga unguwa, masu neman rance sun fara sallama. A gidan waya aka ce sai da katin shaida. Katin shaida sai da takardar haihuwa da hotuna. Takardar haihuwa sai ka faɗi ranar da aka haife ka, shi kuwa bai sani ba. Kowace ƙofa ya ƙwanƙwasa sai ta ci masa kuɗi: na mota, na mai hoto, na ɗan tsakani. Ku lura da babbar rigarsa da yadda yake tafiya da ita cikin taƙama daga ofis zuwa ofis, domin rabin dariyar tana cikin rigar nan. Muna so musamman iyalan da ke da ɗa a waje su kalle shi tare, saboda ya nuna yadda jin ƙamshin kuɗin da bai iso ba ke iya talauta gida. Ba shi da abin kunyar da zai hana a kalla da manya.

Xala na 1975, shi ma na Sembène, ya fi shi zafi. El Hadji Abdou Kader Bèye ɗan kasuwa ne cikin waɗanda suka gaji kujerun Turawa a majalisar 'yan kasuwa bayan samun 'yanci, kuma tun farkon fim za ku ga Turawan sun dawo sun ajiye wa kowannensu jaka cike da kuɗi. Ya yi amarya ta uku da gagarumin biki, daren farko kuma ya kasa kusantarta. Sai yawon gidajen masu magani, kasuwa na rushewa a bayansa. Akwai inda ake wanke masa marsandi da ruwan gora na Faransa, almajirai da guragu na kallo. Akwai kuma inda ya biya mai maganin da ya warkar da shi da cakin da babu kuɗi a asusunsa, kun san abin da zai biyo baya. Saboda jigon labarin, wannan ba na kallo da yara ko surukai ba ne.

Wanda muka fi so a raina cikin na Sanagal shi ne Hyènes na Djibril Diop Mambéty, 1992, sunan kuma yana nufin kuraye. An gina shi a kan wasan kwaikwayon Friedrich Dürrenmatt, marubuci ɗan ƙasar Suwizalan, amma Mambéty ya mai da shi garin Colobane da talauci ya yi wa katutu. Linguère Ramatou ta dawo gida da tsufa da dukiyar da ba ta ƙirguwa. Tana budurwa Dramaan Drameh ya yi mata ciki, ya sayi shaidun zur, aka kore ta. Yanzu shi ne mai kantin da kowa ke ƙauna. Ta ce za ta azurta garin gaba ɗaya idan an kashe shi. Mutanen gari suka tashi da fushi suka ce su ba dabbobi ba ne. Daga nan ne fim ɗin ke nuna gwanintarsa, domin ba wanda ya taɓa cewa ya canza ra'ayi. Sai dai kawai ka ga kowa ya fara cin bashi a kantin Dramaan ɗin kansa, ana sayen kaya masu tsada, sababbin takalma sun bayyana a ƙafafu, fanka da firji sun cika gari. Da me za a biya? Kowa ya sani, ba mai faɗa. Ku kalli takalman, su ne ke ba da labarin. Tafiyarsa a hankali take, minti ashirin na farko na buƙatar haƙuri.

Tunda an saba da Indiya a gida, ga biyu daga can da ba su bi hanyar soyayya da rawa ba. Peepli Live na 2010, wanda Anusha Rizvi ta ba da umarni, Aamir Khan ya ɗauki nauyi, labarin Natha ne, manomin da banki zai ƙwace wa gona. Ya ji cewa gwamnati na biyan iyalan manomin da bashi ya sa ya kashe kansa diyyar rupi 100,000, yayansa kuma ya lallaɓa shi ya yarda shi ne zai mutu. Maganar ta fita, gidajen talabijin suka kafa sansani a ƙofar gidansa, 'yan siyasa suka shigo don zaɓe ya ƙarato. Jami'ai suka kawo masa kyautar famfon tuƙa-tuƙa ba tare da kuɗin haƙa da kafawa ba, aka ajiye shi a tsakar gida. Duk wanda ya taɓa ganin an ƙaddamar da aikin da ba zai yi amfani ba zai gane famfon nan. Akwai ashar a bakin wasu 'yan wasan. Na biyun tsoho ne, Jaane Bhi Do Yaaro na Kundan Shah, 1983: masu ɗaukar hoto biyu sun gano kisan wani babban jami'in birni da 'yan kwangila suka saye, suka yi ta yawo da gawarsa har ta ƙare a kan dandamalin wasan kwaikwayo.

Na Turawa kuwa, ku fara da Dr. Strangelove na Stanley Kubrick, 1964, baƙi da fari, bai wuce awa ɗaya da minti 35 ba. Ya fito ƙasa da shekara biyu bayan rikicin makamai masu linzami na Kuba na Oktoban 1962, lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka kusa gwabzawa da nukiliya. Wani janar ɗin Amurka ya zautu ya tura jiragen yaƙi su jefa wa Sobiyet bam, shi kaɗai kuma ya san kalmar sirrin da za ta dawo da su. Ɗan wasa Peter Sellers ya fito a mutum uku. Akwai wurin da makomar duniya ta rataya a kan wani hafsa da ba shi da tsabar kuɗin da zai jefa a wayar kan titi ya kira shugaban ƙasa. Sanin wannan ɗan tarihin kafin kallo ya wajaba, in ba haka ba fim ɗin zai zame muku taron tsofaffi masu surutu a ɗaki. Haka ma The Death of Stalin na Armando Iannucci, 2017. Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, ya mutu ranar 5 ga Maris 1953, kuma kafin nan ya daɗe kwance a ƙasa don masu gadi na tsoron shiga ba izini, ga shi an riga an kama da yawa cikin manyan likitocin Mosko. Fim ɗin na bin yadda manyan muƙarrabansa Khrushchev da Beria ke kokawar gado a kan gawa. Ya matse watanni cikin kwanaki, domin a zahiri sai Disamban 1953 aka kashe Beria. Rasha ta hana nuna fim ɗin a 2018. Ashar ta yi masa yawa, na manya ne zalla.

No Man's Land na Danis Tanović, 2001, ya ajiye sojoji uku na ɓangarori biyu a rami ɗaya a yaƙin Bosniya, ɗayansu kwance a kan nakiyar da za ta tashi da zarar ya ɗaga, dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya da 'yan jarida na kewaya su. Parasite na Bong Joon-ho, 2019, da yawanku sun ji labarinsa, shi ne fim na farko da ba na Turanci ba da ya ci babbar kyautar Oscar. Ya cancanci sunan da ya yi, sai dai akwai fitowa ɗaya ta miji da mata a falo da zubar da jini a ƙarshe. Four Lions na 2010 yana yi wa wasu wawayen matasa 'yan ƙunar baƙin wake a Ingila dariya, kuma an yi shi da basira, amma ba ma ba wanda ya rasa nasa a Maiduguri, Kano ko Diffa shawarar kallonsa.

Saura yadda ake kallo, don nan ake yawan ɓata su. Kada ku nemi waɗanda aka ɗora wa muryar fassara mai ƙara nata barkwanci. Salon nan yana tafiya da finafinan faɗa, amma a nan shirun da ke tsakanin magana da magana shi ne abin dariyar, mai fassara kuwa cike shi yake yi. Ku nemi mai rubutacciyar fassara a ƙasan allo, ta Turanci ko Faransanci ko Larabci, wadda kuka fi iyawa. Kada kuma ku yanke musu hukunci da guntayen da ke yawo a TikTok: dariyar minti na 70 an dasa ta ne tun minti na 10. Fim mai awa biyu a ingancin 720 yakan ci wajen giga ɗaya, a 480 kuma kusan rabin haka, wanda ya isa a waya, sai dai rubutun da ke manne a jikin hoto yakan dushe idan inganci ya yi ƙasa.

Idan fassarar a fayil dabam take, ku sa mata suna iri ɗaya da na fim ɗin, ku ajiye su wuri guda, manhajar kunna bidiyo ta VLC za ta ɗauko ta da kanta. In rubutu na riga magana ko yana makara da tazara ɗaya daga farko har ƙarshe, maɓallan G da H a kwamfuta na matsar da shi baya ko gaba kaɗan-kaɗan, a waya kuma akwai wurin daidaita jinkirin rubutu cikin saitin fassara. Amma in tazarar ƙaruwa take yi yayin da fim ke tafiya, matsarwa ba za ta yi magani ba. Dalili shi ne an tsara rubutun ne don kwafi mai hoto 25 a daƙiƙa, naku kuma mai kusan 24 ne, bambancin da ke kai wa wajen minti biyu da rabi a kowace awa. Sai dai a nemo wani fayil ɗin da ya dace da kwafin. Na tsofaffin finafinan Sanagal kuwa, ku nemi sababbin kwafin Mandabi da Hyènes da aka gyara, launinsu da sautinsu sun fi fita, fassararsu ma ta fi inganci.

A gaida mutan gida baki ɗaya. Wassalam.