Godiya bayan mun dawo gida

Alhamdulillahi. Tun shekaranjiya aka sallame mu daga asibitin Libaful da ke Ingila, bayan aikin ƙwaƙwalwa da aka yi wa ɗana saboda farfaɗiya, yanzu haka yaron nan yana ɗaki yana barci. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗaga ba ku yafe ni, jiki ne ya ƙi.

Ba sai na maimaita muku labari ba, kun san shekara 11 muka yi muna fama da farfaɗiyar nan. Tegretol, Keppra, lamotrigine, babu wanda bai sha ba. Likitansa ya gaya mana in magunguna biyu da suka dace suka kasa, da wuya na uku ya yi, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku masu ciwon haka nasu yake.

Daren da ya tsaya mini a rai ya riga aikin da watanni. Sun kwantar da shi, suka manna masa wayoyi a kai, ga kyamara a sama, suka rage masa magani da gangan don ciwon ya tashi su ga daga inda yake farawa. Kwana huɗu shiru. Ni da na ƙarar da ƙuruciyarsa ina roƙon Allah kada farfaɗiyar ta zo, sai ga ni a kan sallaya ina roƙon ta zo. Wallahi da ƙyar harshena ya iya furta addu'ar nan.

A dare na biyar, wajen ƙarfe uku, ta zo. Na kasa motsi. Wata nas dattijuwa ta shigo da sauri, ta juyar da shi ta gefe, idonta a kan agogo. Da ta lafa, ta sa hannu ta goge masa kumfar baki, ta gyara masa riga, tana kiran sunansa a hankali har ya buɗe ido. Sannan ta juyo ta yi mini sannu da Hausa. Ashe 'yar zangon Kumasi ce. A nan kuka ya ƙwace mini, don na tuna akwai gidan da aka ware masa kofinsa shi kaɗai. Jama'a, ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu. Baiwar Allah, ban san ko za ki ga wannan ba, Allah ya shayar da ke ruwan Alkausara, ya raya miki zuri'a.

Aikin kansa kuwa, ɗan tabo ne a ƙwaƙwalwa ta wajen kunnen dama. Suka huda ƙoƙon kai, hudar da ba ta kai kaurin fensir ba, suka zura siririyar wayar lesa mai fitar da haske mai zafi, yana cikin na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki suna kallon zafin a allo har suka ƙone wurin. Na sayi ƙatuwar hula don rufe bandeji. Da aka fito da shi na yi ta laluben kansa, ɗinki ɗaya tak na gani. Kwana biyu muka ƙara.

Na san ba ku son a ambace ku, amma sai na faɗa. Abbansa, Allah ya ƙara maka haƙuri. Ƙanwarsa, wadda tun tana shekara tara ta iya ƙirga mintunan faɗuwar yayanta. Maƙwabcinmu mai tasi da ya kai mu Libaful da asuba ya ƙi karɓar ko sisi. Matan Islamiyyarmu da suka raba kwanakin girki a tsakaninsu. Kawunsa na Kano da ya sa aka yi saukar Alƙur'ani. Allah ya yaye muku duk wata damuwa, ya ba marasa lafiyarku lafiya, ya jiƙan iyayenku, ya haɗa mu a Aljanna Firdausi.

Akwai na jiki da har yau ko saƙo ɗaya ban gani daga gare su ba. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, amma na yafe.

Likitoci sun ce kada mu yi saurin cewa ya warke. Zai ci gaba da shan maganinsa, kuma a dokar Ingila sai ya shekara cur bai faɗi ba kafin ya nemi lasisin tuƙin da yake ta mafarki. Ku ci gaba da sa shi a addu'a. Masu zuwa dubiya ku bari sai bayan La'asar, har yanzu kansa yana ɗan sarawa.