Kwana uku ina neman SDL.h, ashe yana cikin kwamfutata

'Yan uwa masu koyon C, jiya wajen ƙarfe ɗayan dare tagar shirina ta buɗe a allon kwamfuta! Baƙa ce wuluk, babu komai a cikinta, amma wallahi sai da na yaye bargo na miƙe tsaye, duk da sanyin Jos na wannan hunturu.

Tun Litinin nake fama. Ɗan shiri ne mai layi goma sha biyar, SDL2 kawai zai kira, wato laburaren da ke buɗe taga da yin zane a allo. Da na buga gcc, manhajar harhaɗa shirin C, sai ya jefo min: fatal error: SDL.h: No such file or directory. Da wuri na gane cewa libsdl2-2.0-0 da ke kan Ubuntu ɗina na gudanar da shiri ne kawai, fayilolin .h suna cikin libsdl2-dev. Na sauke shi, ya jawo tarin wasu kunshin tare da shi. Na sake gwadawa, saƙon nan dai, ko wasali bai canza ba.

A nan na tafka asara. Na ɗauka saukewar ce ta lalace, na goge shi da duk abin da ya jawo, na sake saukewa har sau biyu. Datar naira dubu uku ta tafi a banza, ga kuɗin caji a wani shago a Bauchi Road don an ɗauke wuta. Abin ya ƙona min rai matuƙa.

Sai jiya na daina zargin kunshin, na nemi inda ya zuba kayansa: dpkg -L libsdl2-dev | grep SDL.h. Ga fayil ɗin nan zaune a /usr/include/SDL2/SDL.h! Shi gcc yana leƙa /usr/include, amma ba ya kutsawa cikin foldodin da ke ƙarƙashinta da kansa, ni kuwa #include <SDL.h> na rubuta. Da a ce <SDL2/SDL.h> na sa, da tuni an wuce wurin. Na fi son barin sdl2-config, ɗan umarnin da ke zuwa tare da libsdl2-dev, ya nuna wa gcc hanya, tunda shi ke sa -I/usr/include/SDL2 da -lSDL2 gaba ɗaya.

Ko a nan sai da na ci karo da undefined reference to SDL_Init, don na sa sdl2-config kafin sunan fayil ɗina. Na mayar da shi ƙarshe:

gcc taga.c -o taga $(sdl2-config --cflags --libs)

Shiru, babu ko gargaɗi. Alhamdulillahi. Ranar Asabar in sha Allahu zan ɗora hoto a tagar, na riga na sauke libsdl2-image-dev.