Da igiya biyu nake hawa bishiya

Da zarar iskar farkon damina ta fara kaɗawa a Kaduna, wayata ba ta hutawa. Wannan ya ce reshen madaci ya sunkuyo kan kwanonsa, wancan ya ce itacen turare ya jingina da wayar wuta. Sana'armu ke nan ni da yarana huɗu: rage rassa da sauke bishiyar da ta zama haɗari.

A hannun kawuna na koyi hawa. Da igiyar rama da adda yake hawa gawo da rani, ya sassaɓo wa shanu ganye. Shi ya koya mini in bugi gindin bishiya da ƙotar gatari in kasa kunne. In ta yi amon ganga, to akwai kogo a ciki. Har yau ba na jefa igiya sai na yi haka. Shi ne kuma ya ja mini kunne a kan rimi: duk girman nan nasa, itacensa laushi gare shi, reshensa ba ya sallama kafin ya karye.

Igiyar da ke ɗauke da raina daban, mai kaurin milimita 12, ba ta cika miƙewa ba. Ta sauke reshe ma daban, ba a taɓa musanya su. Siririn zare mai 'yar jakar nauyi muke fara jefawa inda reshe mai ƙarfi ya rabu da uwar bishiya, shi zai ja igiyar sama. Wani ƙulli da ake kira furusik ke riƙe ni a jikin igiyar: in na sakar masa nauyina ya damƙe, in na tura shi da hannu ya zame. Kafin in tayar da injin yanka kuwa, sai na zagaya gajeriyar igiya ta biyu a jikin bishiyar. Ina fara yanka daga ƙasan reshe, sannan daga sama, don kada ya yage ɓawo. Yaron da ke ƙasa ya nannaɗe igiyar saukewa a gindi sau biyu ko uku, yana sassautawa sannu a hankali. In ya riƙe ta gam, fizgar ɗanyen madaci sai ta girgiza bishiyar har da ni a kai. Sai yaro ya shekara yana wannan kafin in bar shi ya hau.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu hawa da igiyar ɗaure kaya, wadda rana ta gama cinyewa, da ƙugiyar da ba ta da makulli. Sai ka faɗi kuɗin aiki a ce, "Haba Malam, wani ya ce zai yi a rabin haka." Nakan ce, "Alhaji, tambaye shi ta ina reshen zai sauko." Sau da yawa mu ake kira daga baya, an riga an fasa kwano, katanga ta tsage.

Duk yamma ina bin igiyoyina da hannu daga kai zuwa kai. Wadda ta yi gashi ko fetur ya taɓa, a take nake daddatsa ta don kada wani ya ɗauka.