Daren da Mushtari da Zuhal suka haɗu

Har yau idan na tuna yammacin Litinin, 21 ga Disambar 2020, sai raina ya sosu. Wata biyu na yi ina tanadin wannan rana. Duniyoyin Mushtari (Jupiter) da Zuhal (Saturn) sukan kusanci juna a ganin ido a sararin sama duk bayan kimanin shekara 20, amma kusancin wannan karon rabon da a yi irinsa tun 1623. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na faɗin wata ba. Na gayyaci maƙwabta, na ce wa yara su zo bayan magariba su ga zoben Zuhal da idonsu.

Kuskurena ya fara tun a shago. Abin da ya ja ni ga na'urar hangen nesan da na saya shi ne lambar da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwali: tana ninka girman abu sau 525. Ban tambayi faɗin gilashin gaba ba, alhali shi ne ke tara haske. Nata milimita 60 ne, kuma gilashi mai wannan faɗin da zarar an wuce ninki 120 ko kusa da haka, hoton sai ya dagule. Ni kuwa da lokaci ya yi, sai na ɗauki gilashin ido mafi ƙarfi, mai milimita 4, na ƙara masa bututun nan mai ninkawa sau uku, don in samu 525 ɗina cif. Na biya kuɗinta ai.

Muna saman bene, ga su can kudu maso yamma, kowa yana ganinsu da ido kamar tauraro ɗaya mai ɗan ƙari a gefe. Na ɗora ido a na'ura, duhu. Na matsa dama, duhu. Can sai wani farin abu ya gifta kamar auduga, kafin in ɗaure ƙusa ya ɓace. A irin wannan ninkin, gurbin da kake kallo ɗan mitsitsi ne, ga juyawar duniya tana janye abin daga gabanka cikin daƙiƙoƙi, ga ƙafafun na'urar siraran da ko numfashi ka yi sai sun girgiza. Ƙaramin bututun saitin da ke manne a sama kuwa ban taɓa daidaita shi da babban ba. Ban ma san ana yi ba.

Sama da sa'a guda ina durƙushe. 'Yata ta yi ta cewa, "Baba, ka same shi?" har ta gaji ta yi shiru. Su kuwa duniyoyin ba su jira ni ba. Lokacin hunturu ne, hazo ya yi kauri a gindin sama, suna gangarawa suka dushe a cikinsa tun kafin su faɗi. Mutane suka yi sallama ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya ce mini komai, shirun ne ma ya fi yi mini ciwo.

Washegari da hantsi na kai na'urar wurin wani dattijo a unguwarmu da ya daɗe yana koyar da kimiyya. Ya zare bututun ninkawar ya ajiye gefe, ya ce, "Wannan mayar da shi kwali." Ya sa gilashi mai milimita 20, wanda ninkinsa 35 ne kacal, ya auna kan hasumiyar wani masallaci mai nisa, sannan ya yi ta murɗa ƙusoshin ƙaramin bututun har shi ma ya nuna wuri ɗaya. Na ce, "Malam, 35 ba ta yi kaɗan ba?" Ya ce in je in gwada tukuna. Aikin bai ci minti goma ba. Minti goma da rana tsaka, su ne suka raba ni da daren da na yi wata biyu ina jira.

Da magaribar Talata sun ɗan ja baya da juna, amma har yanzu gurbi ɗaya ya ɗauke su. Cikin minti biyu na same su. Ga Mushtari fari tas da 'yan watanninsa a jere kamar ɗigon alli, irin waɗanda Galileo ya hango a 1610. Ga Zuhal a gefe, ƙarami ƙwarai, ruwan ƙwai, da zobensa a karkace. A ido suna kafaɗa da kafaɗa, alhali Zuhal ya kusa ninka Mushtari nisa daga gare mu. Na daɗe ban ɗago ba. Mu uku ne kawai a saman benen, ni da 'yata da ƙanena, don ban iya sake gayyatar kowa ba.

Duk wanda ya tambaye ni yanzu, nakan ce ya rufe lambar kwali da tafin hannu ya nemi faɗin gilashi, ya girgiza ƙafafun ya ji ƙarfinsu. Ya yi saitinsa da rana, nesa da inda rana take, don kallonta ta cikin na'ura makanta ce nan take. Ya gwada hannunsa a kan kallon farin wata, kwana da kwanaki kafin ya tara jama'a, kuma kullum ya fara da ƙaramin ninki. Bututun ninkawar nan yana cikin kwali har yanzu. 'Yata ta tambaye ni yaushe za su sake matsowa haka, na ce sai Maris na 2080. Ta ƙirga da yatsu ta ce lokacin ta haura saba'in.