Shirin waƙar yara da muka yi a Zariya, da yadda fiyano ya cinye min adashi

Duk mai niyyar haɗa shirin talbijin na waƙa don yara 'yan nazare, don Allah kafin ya taka ƙofar situdiyo ya fara tara yaran unguwarsu a tsakar gida ya rera musu waƙar da bakinsa ya ga me za su yi da ita. Kyauta ne wannan gwajin, mu kuwa da kuɗi muka sayo shi, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Ni malamar nazare ce a Samaru, ƙanena kuma harkar kyamara yake yi, biki da suna da walimar sauka. Yaran ajina 'yan shekara 3 zuwa 5 ne, kullum sai su zo min da waƙoƙin Turanci na YouTube a baki suna rerawa tiryan-tiryan, amma ka ce wa yaro ɗauko min alli uku sai ya tsaya yana kallonka. Shi ne muka ce to mu ma mu yi namu mana da Hausa, ƙidaya da launuka da gaisuwa da wanke hannu, da yaran garin nan a ciki. Rubuta waƙoƙin bai ba ni wahala ba, 'yar tsanar da za ta fito a shirin ma wani tela a Sabon Gari ya ɗinka mana ita ta yi kyau sosai. A situdiyo ne aka samu matsala.

Mai situdiyon ya iya aikinsa, wannan ba zan hana shi ba, sai dai aikin nasa waƙar biki ne da ta siyasa. Ina rera mishi ta ƙidaya ya ce Malama ai a haka ba mai kallo, yaran yanzu kiɗa suke so mai zafi, ki bar min komai. Ya zauna kan fiyano ya haɗa kiɗa mai gudu, ya kira wata yarinya mai murya ta hau kai, ya bi muryar da kwamfuta ya gyara ta har tana ƙyalli, wallahi da ya kunna mana ni kaina sai da na ji daɗi. Adashin da na kwasa a lokacin gaba ɗaya can ya tafi, waƙoƙin zangon farko duka a haka aka buga su, muka kwashi yara muka ɗauki hoto suna bin bakin waƙar, ƙanena ya kwana yana tacewa.

Ranar da muka kunna a aji kan laftof ɗin ƙanena yara suka miƙe suna ta tsalle, har masu kunyar cikinsu. Na ce shi ke nan mun gama. Washegari na zuba marafan lemo a tabarma na ce kowa ya ƙirga min biyar kamar yadda waƙa ta ce, sai na ga kiɗan suke yi da baki, dum-dum ɗin fiyanon nan sun haddace shi tsaf amma lambobin babu. Waɗanda suka ƙirga daman tun can sun iya. Na koma gida na saurari waƙar a nutse, sai na ji tsakanin huɗu da biyar ko numfashi ba a bari ba balle yaro ya buɗe baki ya faɗa, ga kalmomin an tanƙwara su don su shiga kiɗa, kuma Hausa kowa ya sani in ka juya mata karin sauti babba ma sai ya kasa kunne kafin ya gane, ina ga ɗan shekara uku.

Ana cikin haka wani uba ya same ni bayan an tashi, dattijo mai mutunci, na tura musu waƙa ɗaya ta WhatsApp don su gani. Ya ce Malama Allah ya saka da alheri, niyyar mai kyau ce, amma ni dai ba na kunna kiɗa irin wannan a gidana. Ba shi kaɗai ba ne kuma, wasu iyayen shiru kawai suka yi. Ban ga laifinsu ba, a Zariya muke, gidaje da yawa haka suke, kuma shirin yara in uba ya ce a kashe ai ya mutu kenan ko da kuwa ya fi kowane kyau.

Na koma situdiyo na ce maigida a taimaka a zare min kiɗan a bar murya zalla. Sai ya ce wai ya goge, kwamfutarsa ta cika, haɗaɗɗen da ya ba mu shi kaɗai ya rage. Wannan maganar ita ta fi ƙona min rai a duk tafiyar nan, don kuɗina na biya cif kuma ko sau ɗaya bai ce min zo ki karɓi muryoyinki ba kafin ya goge. Saboda haka duk wanda zai shiga situdiyo ya je da filashinsa, a ranar ya karɓi murya daban kiɗa daban, kar ya yarda da sai gobe. Ƙanena ya ce Yaya ko da ma akwai, gudun waƙar ai yana nan, hoton kuma kan gudun muka ɗauka. Gaskiya ya faɗa amma ni dai da an ba ni abina ko rabi na tsira da shi.

Daga baya na karanta yadda masu shirin yara na Sesame Street na Amurka suka yi tun farkonsu a 1969, wanda reshensa na Najeriya Sesame Square ya fara fita a NTA a 2011. Kafin su saki abu sai sun zaunar da yara gaban talbijin, a gefe kuma a riƙa haska wasu hotuna daban, a ga a wane wuri ne idon yaro yake barin shirin ya koma gefe. Mutanen da suke da kuɗi kenan fa suna gwadawa kafin su kashe, mu da adashi ɗaya muka zuba duka sannan muka gwada.

Wadda ta fitar da mu Inna ce, tsohuwar da ke kula da ƙananan yara a makarantarmu. Ta ga ina ta jimami ta ce Malama ba ni waƙar nan taki in ji. Ta kifa ƙwarya a ƙasa ta sa yaran suka yi da'ira kamar 'yan gaɗa, ta ba da waƙa ta ce ɗaya, ta yi shiru tana buga ƙwaryar a hankali har sai da suka amsa, sannan ta ce biyu. In sun yi jinkiri ta jira su, in wani ya riga ta ta ƙyale shi ya ja. Kafin a tashi yaron da bai taɓa wuce uku ba yana kai wa biyar yana nuna yatsu. Kalmomin nawa ne ba ta canza ko ɗaya ba, wuri kawai ta bar musu na amshi, abin da muka tashi muna yi a dandali da lokacin tashe, fiyanon nan ne ya cike gurbin ya hana su shiga.

A haka muka sake komai daga farko, murya da tafi da ƙwarya, ni ke bayarwa yara na amsawa. Wurin tacewa ne muka yi ta rigima da ƙanena, don in 'yar tsana ta juyo ta tambayi mai kallo wane launi ne wannan sai mu bar shiru, shi kuma hannunsa na ƙaiƙayi ya yanke, wai kamar na'ura ta tsaya. A kunnen babba shirun yana da tsawo, amma na zauna da yara na gani, daidai lokacin da kake jin ya isa a nan ne suke fara buɗe baki. Na ce mishi in ka yanke wannan ka mayar da mu situdiyon can. Waƙa ɗaya abu ɗaya take koyarwa, kuma a maimaita ta a farkon shiri da ƙarshensa, yara ba sa gajiya da maimaici, mu manya ne muke gajiya.

Ɗaukar murya a aji ma da nasa ciwon kan, ga janareton maƙwabta ga 'yan acaba ga ƙananan jiragen nan na masu koyon tuƙi da ke shawagi a saman Zariya, sai ka tsaya su wuce. Asabar da safe bayan yara sun karya ta fi mana, kuma kar a kwaso aji guda, kaɗan sun isa, kowanne da izinin iyayensa a rubuce tunda fuskarsa za ta fita. Lokacin hunturu kuwa a haƙura, rabinsu mura suke yi.

Dattijon nan yanzu shi yake tura wa 'yan'uwansa shirin, ya ce min autarsa da waƙar wanke hannu take tashinsu. Na ji daɗin wannan ƙwarai, duk da bashin da na ci don sake ɗauka ban gama biya ba. Muna magana da wata tasha kan su ba mu fili, jami'insu ya kalla ya ce yana da kyau amma ya yi salam da yawa, a ɗan sa fiyano a ƙasa. Na ce mishi ranka ya daɗe in taken buɗewa ne za mu iya zama mu duba, shi ma in an sa sai mun fitar da wani marar kiɗa saboda gidajen da ba sa so, amma ƙarƙashin darasi ba abin da zai shiga sai ƙwarya da tafi. Ya ce zai kai maganar gaba, muna jiran su.