Allunan da Muke Kafa wa Baƙin Katsina

Katsina ba ta da teku, amma ta daɗe tana karɓar baƙi. Ayarin da ya keto Sahara daga Agadas nan yake sauke kaya, kuma a wancan zamani mai masauki ne ke kama hannun baƙo ya nuna masa gari. Yau baƙo da motarsa yake shigowa, ba wanda ya tarye shi. Aikin mai masaukin nan shi muke yi a shagonmu, da ƙarfe da fenti.

Idan aka ba mu aikin alluna, ba na fara taɓa burushi. Ƙafa nake sawa. Sai in tashi daga Ƙofar Ƙaura kamar ban taɓa shiga garin ba, in nufi Ƙofar Soro, duk mararrabar da na ji zuciyata ta yi wasiwasi in tsaya in rubuta. Nan allo zai zauna, kafin kwana, ba bayan mutum ya wuce ba. Hasumiyar Gobarau ta fi ba ni aiki. Tsayinta ya kai mita 15, tun zamanin Sarki Muhammadu Korau ake danganta ta, amma gidaje sun kewaye ta, sai baƙo ya hango ƙololuwarta ya rasa lungun da zai bi. Irin wannan wuri ƙaramin allo yake so a bakin kowane lungu, kibiya da suna kawai.

Rubutu kuwa a hannun maigidana na koya, Allah ya jiƙansa, wanda ke yi wa manyan motoci zane a tasha. Shekara guda ina wanke burushi da kananzir kafin ya bar ni in ja harafi ɗaya. Ranar da na ja, ya ce, "Yaro, koma can bakin titi ka karanta mini." Na koma, ban iya ba, haruffan sun cunkushe. Har yau kowane allo sai na jingine shi na ja da baya, na kuma sa ɗan acaɓa ya wuce ya faɗa mini abin da ya gani.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu buga leda a inji su manna a kan kwano. Mai aiki zai ce, "Malam, can an yi mini ragi." To, Alhaji, je ka duba bayan bazara ɗaya: ja ya koma fari, iskar hunturu ta ɗaye gefe. Kuma ba su san ƙugiya ba. Su rubuta Ƙofar Ƙwaya da Ƙofar Durɓi ba lanƙwasa ko ɗaya, a garin da tun 1922 aka buɗe kwalejin da su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu! Mu kowane ƙ da ɗ da ɓ da hannu muke ja. Farantin sai mun kankare shi, mu shafa jan fenti mai hana tsatsa, sannan shafi biyu na fentin mai, kowanne ya kwana ya bushe. Ƙafafun ƙarfe ne a cikin kankare, don katako gara ce ke cinye shi.

Allon tarihi ba na cika shi da surutu. Na Ƙofar 'Yandaka ya isa a ce ta nan Lugga, Baturen mulkin mallaka, ya shigo a 1903. Hausa a sama, Turanci a ƙasa, ajami a gefe saboda dattawanmu da almajirai. Launi ma na ƙasa nake zaɓa, wanda zai zauna da jar ganuwa, kuma ban yarda a buga ƙusa a jikin tsohon gini ba ko da mai aikin ya matsa.

Burina yanzu hanyar Daura. Ina so wanda ya bar Katsina don ganin rijiyar Kusugu ya isa bakinta bai tsaya tambaya ba. Na riga na bi hanyar sau biyu, littafina cike yake da mararrabu.